Labulen Taga ta Shida

Almakashi na tsakiyar yadi wayar ta yi ƙara. Mai Labule ba ta tsaya ba sai da ta kai yankan ƙarshe, sannan ta jawo wayar, ta miƙe hannu da ita can nesa don ta sake manta inda ta ajiye tabarau.

"An soke," ta ce.

"Wanne kuma, Mama?"

"Wannan da na gama yankawa yanzu."

Na dubi yadin da ke kan teburin, ruwan toka mai nauyi, an raba shi gida huɗu daidai awon tagogin wata mata da ba mu taɓa gani ba. Oda ta huɗu ke nan da aka soke mata a watan.

Ƙofarta na kallon tawa a hawa na uku, shekara tara muna haka. Ni malamar firamare ce, ita kuma ɗinkin labule take yi tun kafin a haife ni. Da shagon da take wa aiki ya rufe, 'yarta ta buɗe mata shafi a wata kasuwa ta cikin waya, inda mutum zai aiko da awon tagarsa, ya biya, a ɗinka a aika masa. Ƙa'idar kasuwar ita ce, muddin masu kai kaya ba su karɓi ƙunshin ba, mai saye na iya fasawa a mayar masa da kuɗinsa. Mai sayar da takalmi ba ruwansa, ya mayar da takalminsa kan kantar shago ya jira wani. Labule kuwa, in an yanka shi don wata taga, ba ya shiga wata. Shi ya sa falon Mama ya cika da su, a kan kujera, a bayan ƙofa, har saman firij, kowanne da 'yar takardar awo maƙale da fil.

Ni ba yadin ne ya dame ni ba, ƙafafunta ne. Sun kumbura har sai da ta sa reza ta tsaga bakin silifas ɗinta. In ta hau bene sai ta huta sau uku, tana yi kamar neman makulli take a jaka. Likitan unguwa ya ce zuciya ce, ya ce ta kwanta ta ɗaga ƙafa, ya kuma tura ta wurin babban likita. Sati bakwai muka jira kafin a ba ta rana, Alhamis da ƙarfe tara.

"Alhamis ɗin nan dai ba fashi ko?" na ce.

"Me zai riƙe ni, Malama? Ba ki ga sun haɗa baki sun ba ni hutu ba?"

Ta yi dariya, dariyar ta koma tari. Na koma ɗakina da abin a raina.

Mama ba ta karɓar taimako. Na taɓa kai mata cefane lokacin da ta yi zazzaɓi, washegari ya dawo ƙofata da rigunan filo guda biyu a kai, wai ladan wahalata. Saboda haka ranar Litinin, lokacin hutun tara a makaranta, na yi abin da nake ganin dabara ce. Na auna tagogin gidana tun da safe, shida ne har da ta kicin. Na shiga kasuwar da sunan ƙanwata da adireshinta, na zaɓi yadi shuɗi mai shafi daga ciki, na biya. A shafinta na kasuwar an rubuta cewa aiki yana ɗaukar sati biyu zuwa uku. Na ce to, Mama za ta tafi asibiti da farin ciki, ta san aiki na jiran ta in ta dawo. Da na gaya wa maigidana sai ya girgiza kai ya ce, "Ke dai da shisshigi." Na ce masa maza ba su san kan irin wannan ba.

Da na dawo da yamma, tun daga hawa na biyu na jiyo keken. Tsohon keke ne na ƙafa, ta ƙi yarda a sa masa injin wuta, wai yadi mai nauyi da ƙafa ake jin sa. Na tura ƙofarta.

"Taga shida, Malama!" ta ce tun ban gama sallama ba. "An biya cif. Har na sa an kawo yadin daga wurin mai sayar da yadi. Zo ki riƙe min nan."

"Ai kina da sati uku, Mama."

"Wa ya gaya miki? Wannan na kan shafi ne. Alhamis da yamma zai bar gidan nan."

"Alhamis? Asibitin fa?"

"Sai su ba ni wata ranar."

"Sati bakwai fa muka jira!"

Ta cire fil daga baki ta dube ni kamar yadda nake duban ɗalibin da bai yi aikin gida ba.

"Ke ba ki san mutanen nan ba, ni na karance su. Ranar farko mace tana murna. Rana ta biyu ta nuna wa mijinta. Rana ta uku ƙawarta ta ce ai ta san inda ake yi da araha. Rana ta huɗu sai wayata ta yi ƙara. Ƙananan odoji na yi sake an yi min haka, wannan babbar ba zan bari ta kai kwana huɗu a hannuna ba."

Na tsaya riƙe da bakin yadin. Maganar tana bakina, amma fuskar Mama ta hana ni. Rabon da in gan ta haka, alli a bayan kunne tana 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa, an fi wata uku. In na ce ni ce, na san abin da zai biyo baya: za ta naɗe yadin, ta mayar min da kuɗina, ta gane cewa a watan nan kaf babu wanda ya so aikinta sai maƙwabciya mai jin tausayi. Na ce bari in nemi wata hanya. Gaskiyar magana tsoro ne kawai.

Ranar Talata na sake wata dabarar. Na rubuta mata saƙo ta cikin kasuwar da sunan ƙanwata, na ce don Allah kada ta yi gaggawa, ko wata guda ne zan jira, ba mu ma gama fenti ba. Na dawo gida ina jin na iya.

Na same ta ta kusa gama na biyu, ta miƙo min wayar.

"Karanta. Ba na gaya miki ba?"

"Ai alheri ne, Mama. Ta ce ki huta."

"Huta? Duk wadda ta ce ba ta sauri, ta fara leƙa wani wuri ke nan. Tana share hanya ne don in ta soke kada in ce ta ɓata min yadi. Matar nan mai yadi ruwan toka ma da wannan kalmar ta fara." Ta ɗora ƙafa a kan keken. "Miƙo min ƙoshiyar keke, waccan mai shuɗin zare."

Na kira 'yarta, wadda ke aiki a wani gari mai nisan wuni guda a mota. Ban gaya mata tushen abin ba, na ce dai mahaifiyarta na shirin ƙin zuwa asibiti. Ta kira, ta yi roƙo, ta yi faɗa, har ta yi kuka. Ina jin Mama tana cewa "To, na ji, na ji," wayar maƙale a kafaɗa, hannunta bai bar kalmasa bakin labule ba.

Laraba ban iya koyarwa ba. Na rubuta lissafi ɗaya sau biyu a allo, yara suna ta dariya. Da aka tashi ban ko shiga gidana ba. Na tarar da Mama ta jingina goshi da kan keken, kafaɗunta suna hawa da sauka. Leɓɓanta sun canza launi.

"Mama!"

"Kada ki tara min jama'a. Numfashi nake."

"Wallahi ba ki da lafiya. Mu tafi yanzu."

"Huɗu sun tafi, saura biyu. In kina son taimako, ga dutsen guga can."

Sai na ɗauki dutsen guga. Har yau in na tuna ina jin haushin kaina. Na tsaya ina goge labulen falona, ina kallon ƙafafun da likita ya ce a ɗaga suna taka keke, kowane taku sai ta ɗan cije baki. Sau biyu na ce "Mama," ta ce "Na'am," na ce ba komai. Maigidana ya same ni a kicin da yamma ya ce, "Ko ki gaya mata, ko ni in shiga in gaya mata." Na roƙe shi ya bar ni zuwa safe, ko za ta gaji ta haƙura da kanta.

Ba ta haƙura ba. Ranar Alhamis ƙarfe bakwai da rabi keken na tafiya, amma ba irin tafiyarsa ba. Ya yi kaɗan ya tsaya, ya daɗe, ya sake yin kaɗan. Ina tsaye a ƙofata da jaka a kafaɗa, ƙofarta a rufe taku uku daga inda nake, na kasa ƙwanƙwasawa. Na ciro waya na buɗe odar. Maɓallin sokewa ja ne, a can ƙasa. Na danna. Sai aka tambaye ni dalili: na samu mai araha, na canza ra'ayi, an yi jinkiri, ko wani dalili daban. Na zaɓi na ƙarshen. Na rubuta: "Mama, ni ce, Malama. Tagogina ne. Ki yafe min. Ki tashi mu tafi asibiti."

Ta cikin ƙofar na ji wayarta ta yi ƙara. Keken ya tsaya.

Ban san tsawon lokacin da na yi a wurin ba. Mai shara ta wuce da bokitinta ta gaishe ni. Can sai ƙofar ta buɗe. Mama ta fito da jakarta da katin asibiti a hannu, tabarau a fuska. Ba ta dube ni ba. Ta juya ta kulle ƙofa, ta kama ƙarfen bene. Na kai hannu zan riƙe ta, ta janye. A hawa na biyu ta zauna a kan matakala, daga nan sai da maigidana da mai gadi suka ɗauke ta zuwa mota.

Likita bai gama sauraron ƙirjinta ba ya ce a kawo gado. Ruwa ya taru mata a huhu. Ya tambaye ni abin da take yi a kwanakin nan, na gaya masa. Na ce, "Likita, da ta kwanta tun Litinin, da ba a kai haka ba ko?" Ya ce zuciyar ta daɗe da gajiya, ba zai iya cewa e ba, ba zai iya cewa a'a ba. Na so ya zaɓi ɗaya.

Wunin ranar ba ta yi min magana ba. Sai Juma'a da hantsi, ina zaune a gefen gadon ina jiran isowar 'yarta, ta zare robar iskar numfashi daga hancinta ta yafito ni.

"Shekara uku ana soke min oda," ta ce a hankali, tana hutawa tsakanin kalmomi. "Ke kaɗai ce kika taɓa ba ni dalili."

Na fashe da kuka. Ta bari na yi mai isata.

"Ya isa. Ke malama ce, amma ba ki iya awo ba. Da na karanta saƙonki na sake duba takardar. Tagar kicin ɗinki irin tawa ce. Gilashi kika auna, ba sandar labule ba."

"Mama, ki bar maganar labule."

"Sai dai ki sa a ƙara masa yadi ta gefe. Na riga na yanka."

Ta mayar da robar da kanta, ta rufe ido. Ban sani ba ko yafiya ce wannan, ban kuma tambaya ba. 'Yarta ta iso da yamma, ta same ta da rai, sun yi magana. Ranar Asabar da rana ta cika, muna wurin mu biyu.

Bayan kwana biyar 'yar ta ƙwanƙwasa min, ta ce in zo in taya ta duba kaya, ba za ta iya shiga ita kaɗai ba. Falon na nan yadda aka bar shi. Ta riƙa ɗaga labulayen da aka soke tana karanta takardun awo tana mayarwa. Sai ta zo kan shuɗayen, guda biyar a ninke a kan tebur, an goge, an jera su bisa girma.

"Waɗannan sababbi ne, Anti. Ko akwai mai jira a aika masa? Ban san lambar buɗe wayarta ba."

"Nawa ne," na ce.

Ta dube ni, ta ga fuskata, ba ta ƙara tambaya ba. Ta shiga ɗakin kwana.

Na shidan yana kan keke, rabinsa ya zubo kan kujerar da take zama. Na sunkuya na bi kalmasar da yatsa. Ɗinkin ya taho a miƙe tun daga sama, ba karkata ko kaɗan, sai wajen taƙi ɗaya kafin inda ya tsaya ya fara kaucewa, ya dawo layi, ya sake kaucewa. Allurar tana ƙasa, a cikin yadin.