Garmar da Ba Ta Sauko Ba

Zazzaɓi ya kwantar da ni bayan azahar, a gindin darbejiyar gidanmu, ranar da na sace gurun mahaifina. Sata ce, ba sai na yi mata kwalliya ba. Baba Nomau ya makance shekara huɗu ke nan. Na zare gurun daga ƙarƙashin matashinsa yana barci, na miƙa wa matata Lantana, na ce in ta sauke tuwo ta jefa shi a murhu. Da wannan gurun a ƙugu yake wasan hoto a zamaninsa: ya cilla garma sama har ido ya kusa rasa ta, ya tare ta da ƙirji. Ni kuwa da na yi ɗan karatu, na yanke cewa tsafi ne, kuma ba zan bari tsoho ya koma ga Ubangijinsa da shi a ƙarƙashin kai ba.

Idona ya yi nauyi. Ƙarar muciyar Lantana ta yi ta nisa, har ta koma gangar noma.

Sai ga ni a wata kasuwa da ba a sayar da komai. Wata kura mai takunkumi, irin wadda gardawa ke yawo da ita, ta sha gabana.

"Sallau, ka makara," in ji ta. "Biyo ni. Nan ake ajiye abubuwan da mutane suka daina mamakinsu."

Na bi ta, don ban saba musu da kura ba. Muka wuce wani maƙeri yana lasar jan ƙarfe kamar alewa. Muka wuce wani mahauci rataye a ƙahon bijimi, shi da bijimin duk sun yi furfura, ba wanda ya saki wani. Can kuma ɗan tauri na ta goga wuƙa a cikinsa, wuƙar na ƙorafi da muryar tsohuwa: "Shekara saba'in ina neman jini, ko ɗigo ban samu ba."

"Duk tsafi ne," na ce.

"Kai dai akwai ka da saurin yanke hukunci," in ji kura. "Ɗaga kanka."

Na ɗaga. Sama cike take da garemani, kowacce ta tsaya cak a inda aka cilla ta. Wasu sun yi tsatsa, wasu tsuntsaye sun yi sheƙa a kansu. Da na sauke kai, kasuwa ta zama gona, wani saurayi na tsaye a tsakiya ba riga, da guru a ƙugu. Na gane shi ta tabon kafaɗarsa. Baba ne, idanunsa garau, na girme shi da shekara ashirin.

"Baba, don Allah kwance gurun nan. Ba shi zai tsare ka ba."

"Na sani," ya ce, bai sauke ido daga sama ba.

"To don me kake ɗaura shi?"

"Don in kauce."

Garmar da ke saitin kansa ta yi magana daga sama. "Mutane na cewa da ƙirji yake tare ni. Ba su lura ba ne. In na kusa, yakan goce da faɗin yatsa uku, bakina ya wuce, ƙota ta same shi. Na kashe waɗanda kirari ya hau musu kai suka ƙi gocewa. Shi ma saura kaɗan, sai aka ɗinka masa gurun nan."

"Taro na ihu, makaɗi na zuga ka, sai ka ji mutuwa ba komai ba ce," in ji Baba. "Amma in na ji shi a ƙuguna, sai in tuna akwai mai jira na a gida."

Kunya ta rufe ni, tsoro ya biyo bayanta. Na tambayi kura me ke cikin gurun.

Takunkuminta ya faɗi, ta matso har ina jin numfashinta. "Shekara arba'in da shida kuna gida ɗaya, ba ka taɓa tambayarsa ba? To amsa mini: ranar sunanka, da wanzami ya aske ka, ina aka kai gashin?"

Nan take garma ta taho, tana juyawa. Baba ya shafa ƙugunsa, babu komai. Na duba, ashe gurun yana hannuna. Na buɗe baki in ce ya kauce, murya ta ƙi fita. Ya buɗe ƙirji, ya tsaya.

Na farka a firgice, jiƙe da gumi. La'asar ta yi. Lantana na tsugune gaban murhu tana kakkaɓe hannu, wani ƙauri ya cika tsakar gida. Daga cikin ɗaki na ji muryar Baba.

"Sallau? Kana nan? Wa ke ƙona gashi a gidan nan?"