Ƙanzon Gindin Tukunya

A gefen kufan da masu binciken tarihi suke tonowa akwai wata rumfar leda shuɗiya. A nan nake wuni ina wanke tsingaron tukwane da buroshin haƙori. Idan rana ta ɗago, komai a rumfar yakan koma shuɗi-shuɗi, har tafin hannuna, kamar a ƙarƙashin ruwa nake zaune.

Wata safiya Dakta, shugabar aikin, ta kawo mini gindin wata tukunya da aka ciro daga rami mafi zurfi. Baƙin ƙanzo ya daskare a cikinsa.

"Wannan kada ruwa ya taɓa shi," in ji ta. "Girkin wata ne ya kama. Za a gwada a gano abin da ta dafa, kuma ba mu da wani irinsa."

Na ɗora shi a tire, na kasa daina kallonsa. Sai matar da ta yi girkin ta riƙa zo mini a rai. Ko ɗanta ne ya yi kuka ta tashi, ko hira ce ta yi daɗi a bakin ƙofa. Ga ta nan ta dawo da gudu, tana fifita hayaƙi, tana faɗa da kanta. Har ƙaurin nake ji.

Ina can wurinta ban ji shigowar Goggo ba, yayar babanmu, da ta kawo mini abincin rana. Da na waiwaya, ta riga ta durƙusa gaban bokiti, yashi a hannu ɗaya, gindin tukunyar a ɗayan.

"Yanzu wannan ne wankinki? So kike a ce ban koya miki komai ba?"

Ban taɓa musa wa Goggo ba, ko idonta ba na iya kallo. Sai kawai na ga hannuna ya riƙe nata.

"Goggo, don Allah ki bari. Ba namu ba ne. Mai shi ta rasu tun kafin kakannin kakanninmu."

"To ita ma ƙazama ce!"

"Ƙonewa ya yi mata. Duk girkin da ta yi a duniya, shi kaɗai ya rage."

Goggo ta sassauta hannu. Yashin ya riƙa zuba ta tsakanin yatsunta. Ta kai gindin tukunyar hanci ta shinshina, ta girgiza kai.

"Baiwar Allah. Itace ya yi mata yawa."

Ta mayar da shi kan tire a hankali, a bushe, ta zauna kusa da ni tana kallonsa.

"Ke," ta ce can, murya ƙasa-ƙasa, "ko yaran nata sun samu abin da suka ci ranar?"