Kada a Yanka San Larai

Ranar Alhamis da hantsi san Larai ya tsinke igiya ya faɗa gonar bayan gida, inda ruwan farko ya tayar da gyauron dawa. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san wannan ɗanyen gyauro guba ne a cikin shanu. Kafin a ankara ya cika tumbinsa. Aka jawo shi gindin tsamiya yana tangaɗi, cikinsa ya kumbura kamar ganga, ya durƙusa ya ƙi tashi.

Larai mijinta ya rasu bara, ya bar mata yara ƙanana da wannan farin sa, ba ƙari. Turke shi ta yi tana ba shi dusa da harawa, da niyyar a kai shi kasuwa gab da Babbar Sallah, a sayi hatsin shekara da ɗan maraƙin da zai maye gurbinsa. Ita ke ciyarwa, amma Bappa Cindo, yayan marigayin, shi ke kula da lafiyar san, kuma shi ya lallashe ta aka saka shi a takaful.

Wadda ta kawo musu zancen takaful ɗin wata budurwa ce, Khairiyya, ma'aikaciyar wani kamfani a Gumel. Ta yi ta zarya zuwa ƙauyensu a ƙasar Sule Tankarkar har takalminta ya san hanya. Bayaninta ba wuya: kowa ya zuba ɗan abin da aka yanka masa a asusu ɗaya, wanda dabbarsa ta mutu a biya shi daga ciki. Aka maƙala wa san lambar roba ruwan ɗorawa a kunne, yara suna ta tsokanar wai ya sa ɗan kunne zai tafi biki. Sharaɗi ɗaya ne ya sa dattawa suka dubi juna. Idan dabba ta kwanta ciwo, ba a yanka ta sai likitan kamfani ya gan ta da idonsa ya ba da izini. Wanda ya yanka kafin nan, babu biya.

"To in likitan bai iso ba fa, 'yar nan?" in ji Bappa Cindo a ranar.

"Zai iso, Bappa. Gumel ɗin nan da nan ne."

Ba ƙarya ta yi masa ba, abin da ta ɗauka ke nan. Sharaɗin kuma ba don mugunta aka sa shi ba. A wata jiha an yi masu wayo da suka riƙa yanka lafiyayyun shanu, su sayar da nama, su kawo kunne suna salati, har asusun ya kusa ƙarewa, masu gaskiya suka rasa abin da za a biya su. Tun daga nan masu sa ido kan kamfanonin inshora daga Abuja suka matsa, shi ma babban kamfanin ƙasar waje da ke ɗaukar wani kaso na asarar ya ce sai an toshe wannan ƙofa. Ni dai ban ga laifinsu duka ba, don kuɗin na talakawa ne kuma dole a tsare shi. Amma wanda ya zauna a ofis mai sanyi ya rubuta wannan layi, na tabbata bai taɓa tsayawa a kan dabba tana shure-shure ba.

Bappa Cindo ya ɗura wa san man gyaɗa da ruwan kanwa, ya ga ba alamar sauƙi, ya kira Khairiyya.

"'Yar nan, san Larai ya ci gyauro. Ba na jin zai kai azahar."

"Innalillahi! Bappa, don Allah kada ku yanka. Ga ni nan da likita."

"Yana ina?"

"Yana Maigatari. Yau kasuwa, yana duba shanu a kara."

Ta tari ɗan acaba ta nufi Maigatari da kanta, don likitan ba ya ɗaga waya a cikin wannan hayaniya. A hanya ta kira manajansu tana roƙo a bari dattijon ya yanka, ita za ta tsaya shaida. Manajan ba mugu ba ne, har muryarsa ta nuna abin ya dame shi. Ya ce mata watan jiya masu bincike suka ja musu kunne, in ya sa hannu a kan guda ɗaya ba bisa ƙa'ida ba, na kowa za a tsayar a sake tonawa. Ya ce ta yi sauri kawai.

A gindin tsamiya kuwa mutane sun taru. Bappa Cindo ya ɗauko wuƙarsa ya wasa ta a kan dutse, don hannunsa ya saba, tun yana saurayi bai taɓa barin dabba ta mutu mushe a gabansa ba. A wajensu wannan abin kunya ne da ake tuna wa mutum har jikokinsa. Ɗalha mahauci, wanda hancinsa ke jiyo irin wannan labari tun daga ƙauye na uku, ya iso da babur da buhunan leda.

"Bappa, ka sa masa wuƙa mana! Ni zan saya, ko da yake ka san farashin irin wannan nama."

Kowa ya san farashin. Abin da Ɗalha zai bayar ko ɗan maraƙi ba zai saya ba, balle hatsi. Wani tsoho ya ce haram ne a tsaya ana kallon halal tana zama mushe saboda takardar 'yan birni. Wani ya ce a bar marayu su samu abinsu cikakke. Maganar ta zama musu, kowa yana kawo abin da ya ji malaminsa ya faɗa, san kuma yana ta nishi, kumfa na fita daga bakinsa.

Bappa Cindo ya ƙarasa bakin darni inda Larai ke tsaye da goyo.

"Larai, dukiyarki ce da ta yaran nan. Me kika ce?"

Ba ta ɗago kai ba. "Kai ne babba, Bappa."

Ya ji haushin wannan amsa, ya kuma ji tausayinta, don ya san ba ta da wata. Da san nasa ne, da tuni an gama fiɗa ana rabon nama gida-gida. Ya koma ya tsuguna, ya juya kan san ya fuskanci alƙibla, ya dafa wuyansa da hannun hagu. Ɗalha ya matso ya riƙe ƙafafu. Dattijon ya ɗora wuƙar har bakinsa ya fara motsi da bisimilla, sai idonsa ya faɗa kan ƙaramar 'yar Larai, tana leƙe ta bayan zanen uwarta da kwanon dusar da ta saba kai wa san kowace safiya. Ya janye hannunsa.

"Sake shi, Ɗalha."

"Bappa!"

"Na ce ka sake shi."

Ya ajiye wuƙar a ƙasa, ya zauna ya ɗora kan san a cinyarsa yana shafa shi, yana yi masa magana da Fulatanci ƙasa-ƙasa. Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, wasu suna girgiza kai. Ana kiran sallar azahar san ya miƙe ƙafafu, ya yi shure biyu, shi ke nan.

Ba a jima da idar da salla ba babur ya tsaya. Khairiyya ta diro, gyalenta duk taɓo, likitan yana biye da jakarsa. Da ta ga abin da ya faru sai ta tsaya cak. Likitan ya duba ciki da baki, ya duba wuya ya ga babu yanka, ya ɗauki hoton san da lambarsa.

"Komai daidai," in ji shi. "Gyauro ne. Ba wanda zai ja da wannan."

"Bappa, za a biya," Khairiyya ta faɗa da sauri, tana so ta ba shi abin da zai sanyaya masa rai. "Wallahi za a biya Larai cikakke. Ni zan bi shi da kaina."

"Allah ya yi miki albarka, 'yar nan," ya ce, bai dube ta ba. "Sai a kawo mini magirbi da shebur. Ba zan bari karnuka su ja shi ba."

Likitan ya laluba jakarsa, ya yi tsaki. Ƙa'ida ce a kai kunnen da lambar ofis, shi kuma garin sauri ya baro almakashinsa a Maigatari. Ya waiga ya ga wuƙa a ƙasa.

"Baba, ara mini wannan."

Bappa Cindo ya ɗauka ya miƙa masa ta wajen ƙota. Wuƙar ta sha washi, sau ɗaya likitan ya ja kunnen ya fita, ya jefa shi a leda ya ɗaure. Ya goge ta da ganye ya ba Khairiyya ta mayar. Ta durƙusa ta miƙa wa dattijon da hannu biyu, idonta ya ciko da hawaye.

Ya dubi wuƙar, ya dubi wuyan san da bai yanka ba.

"Haɗa ta da kunnen ki kai musu," ya ce. "Ki ce mun bi sharaɗi."