Kalmar da Ke Gindin Dutsen Fir'auna

Teburin cin abinci shi ne makarantar. Da zarar Istifanus ya fita aiki, sai Rifkatu ta kwashe kofunan shayi, ta goge leda, ta jera littattafai, ta ƙwala wa 'yarta Amani kira sau uku kafin a amsa mata sau ɗaya. Shekara shida ke nan suna haka a hawa na huɗu na wani bene a Hayyus Sabi', wata unguwa a Alƙahira. Ita ce malama, ita ce hedimasta, ita ce mai kaɗa ƙararrawa. Lissafi da kimiyya da sauransu duk da Turanci take koyar da su, daga wata manhaja da suke samu ta intanet. Darasi ɗaya ne kawai nata na kanta, wanda babu mai tsara mata shi: ƙarfe goma sha ɗaya, Littafi Mai Tsarki, da Hausa.

A wannan awa ɗaya ce kaɗai Hausa ke samun wurin zama a bakin Amani. A Alƙahira aka haifi yarinyar, shekararta goma sha huɗu, da Larabcin Masar take faɗa, da shi take dariya. Hausa kuwa jinta take yi kamar rediyon maƙwabta, wani ya shiga, wani ya wuce. Uban da ya kamata ya taimaka, shi ma in ya dawo daga kamfanin jigilar kayan da yake wa aiki a Giza, ba ka jin komai a bakinsa sai Larabci, khalas da tamam.

Wata Litinin suna cikin Littafin Fitowa, an kai inda Isra'ilawa suka tashi daga Masar da garkunansu, sai Amani ta rufe nata littafin a hankali.

"Mama, mu fa a Masar muke," ta ce da Larabcinta. "Ga Nilu can. In mutane masu yawa haka sun fita daga nan, ina abin da suka bari? Ko tukunya ɗaya?"

"A rubuce yake."

"Tatsuniya ma ana rubutawa."

Rifkatu ta ji maganar har cikin ƙashinta. Da a gida ne, a gaban kakar yarinyar, da tuni an san abin yi. Amma nan ba gida ba ne, kuma yarinyar ba da rashin kunya ta faɗa ba. Tambaya ce ta yi tsakaninta da Allah, abin da ya fi ciwo ke nan.

Da yamma maganar ta kai kunnen Istifanus, shi kuwa dama kamar jira yake. "Maman Amani," ya ce yana cire takalmi, "yarinyar nan ta girma. Akwai makaranta kusa da wurin aikina, ranar Alhamis ta sama suke rufe karɓar takardu. A bar ta ta zaɓa da kanta."

"Wa zai karanta mata Littafi da Hausa a can?"

"Ai akwai na Turanci, akwai na Larabci. Allah yana jin duka."

Amani ce ta raba gardamar. Ta dubi uwarta ta ce, "Ki nuna mini abu ɗaya, Mama. Wanda zan gani da idona, ba a littafinmu ba. In na gani, zan zauna."

Istifanus ya ɗauka maganar makaranta ake yi. Rifkatu ta san abin ya fi haka. Ƙauyensu da ke kudancin Katsina, inda kakanninta suka karɓi bishara suka gina cocin laka, yau babu kowa a cikinsa. 'Yan bindiga sun zo sau biyu, a na uku ba su tarar da wanda za su kora ba. Uwarta ta rasu a ɗakin haya a Zariya, 'yan'uwa sun watse. Abin da ya rage wa Rifkatu na garin bai wuce biyu ba: harshen da take karanta Littafi da shi, da wani gwangwanin madara cike da irin gero wanda uwarta ta cusa mata a jaka ranar da za ta taho Masar. Geron kuwa an riga an gwada shi. Bara, a darasin kimiyya, suka shuka shi a bokiti a baranda, suka yi ta ba shi ruwa mako uku, ko tsinke bai fito ba. Amani ta rubuta a littafinta da Turanci cewa tsohon iri mutuwa yake yi, uwar ta ba ta maki goma bisa goma.

Kwana biyar Rifkatu ta yi tana bincike a waya har idonta ya yi ja. Ta ga masu cewa an gano komai, ta ga masu cewa ba a gano komai ba, kowa da rantsuwarsa. Daga ƙarshe ta samu abin da duka ɓangarorin suka yarda da shi: wani dutse na Fir'auna Marnabtah, mai shekara fiye da dubu uku, wanda aka sassaƙa sunan Isra'ila a jikinsa. Kuma ba a wata uwa duniya yake ba, yana nan gidan tarihi da ke dandalin Tahrir. Don murna ba ta ma tsaya karanta sauran bayanin ba. Ta ga suna, ta rufe waya, ta yi waƙar yabo tana wanke-wanke.

Ranar Talata suka shiga ƙaramar bas zuwa Wustul Balad, tsakiyar birni. Rifkatu ta ɗaura atamfarta ta zuwa coci, ta riƙe Littafinta a jaka, sai ka ce za a tambaye ta shaida a ƙofa. A bakin gidan tarihin suka ɗauki wata mai yi wa baƙi jagora, Dalia, matashiya mai tabarau da saurin tafiya. Ta so ta fara kai su wurin manyan gumaka da akwatunan gawa, Rifkatu ta ce a'a, dutse ɗaya suka zo gani.

Dutsen baƙi ne, ya ninka tsayin mutum, an cika shi da ƙananan zane layi bisa layi. Rifkatu ta ɗaga kai tana neman sunan can sama, inda take ganin ya dace da shi. Dalia ta durƙusa.

"A nan yake, Madam," ta ce da Larabci, tana nuni da biro ba tare da ta taɓa ba. "Layi na ashirin da bakwai, daf da ƙarshe."

Sai da uwa da 'ya suka tsuguna kafin suka gani. Bai kai tsawon tafin hannu biyu ba. Dalia ta bi alamomin ɗaya bayan ɗaya tana furta su, har ta kai kan wani ɗan zane na namiji da mace a zaune. Ta ce sauran sunayen da ke kusa an sa musu alamar ƙasa ko birni, wannan kuwa alamar mutane kawai aka sa masa, jama'a ce da ba a lasafta ta da gari ba.

"Kin gani?" Rifkatu ta ce. "Amani, kin gani da idonki?"

Amani ta gani. Ta daɗe tana kallo, sa'an nan ta juya ga Dalia. "Akwai Musa a ciki? Akwai teku?"

"Babu," in ji Dalia. "Gaskiya ban san wani dutse da ya ambace su ba. Wannan waƙar yabon sarki ce, yana lissafa waɗanda ya ci da yaƙi."

"To me ya ce a kansu?"

Dalia ta gyara tabarau ta karanta. "Ya ce an mayar da Isra'ila kufai, bizrarsa babu." Ta ƙara da cewa masana sun rabu a kan kalmar nan da ta fassara da bizra. Wasu sun ce hatsi ake nufi, an ƙone musu rumbuna. Wasu sun ce 'ya'ya ake nufi, babu mai gadonsu.

Rifkatu ba ta buƙatar masana. A harshenta kalma ɗaya ce, kuma tun tana ƙarama ta san wanda ya rasa ɗayan ba ya daɗewa da ɗayan. Ta yi tafiyar nan duka, ta sa atamfar coci, don ta nuna wa 'yarta wurin da aka rubuta cewa an gama da mutane. Ta dafa ƙasa.

"Ba shi da iri," ta faɗa a hankali, da Hausa, ita da kanta.

Suka fito farfajiya suka zauna a gefen ɗan tafkin da ke gaban ginin. Rana ta take, motocin Tahrir na ta hon. Rifkatu ta so ta ce ai ƙarya Fir'auna ya yi, ai mutanen ba su ƙare ba. 

Amani ta matso ta jingina da kafaɗarta. Yarinya ce mai adalci, wannan kam ba a raba ta da shi. "Ma'alish, Mama, yi haƙuri," ta ce. "Na ce abu ɗaya, kin nuna mini abu ɗaya. Akwai su. Khalas, shi ke nan, zan zauna."

Rifkatu ta rufe ido. Ta ci nasara ke nan. Ta fara lissafa inda za su ci gaba gobe, sura ta goma sha huɗu, bakin teku.

"Amma, Mama," Amani ta ce, "abin nan da kika faɗa a ciki. Iri. Ya'ni eh? Me yake nufi?"

Uwar ta buɗe ido. "Iri mana. Wanda ake shukawa."

"Ake me?"

"Shuka. In damina ta faɗi, a ɗebo daga rumbu..."

Amani na kallon bakinta da iyakar ƙoƙarinta, goshi a tattare. Damina ta wuce ta, rumbu ya wuce ta. Rifkatu ta sake gwadawa ta wata hanya, ta ce zuriya, ta ce tsatso, ta ce abin da kaka ke bar wa jika. Kowace kalma ta jawo sai ta tarar ita ma tana neman mai fassara ta. Shekara shida, kullum ƙarfe goma sha ɗaya. Ashe yarinyar karantawa take yi da kyau, tana faɗin amin a inda ya dace, don kada ran uwarta ya ɓaci.

"Bizra," Rifkatu ta ce daga ƙarshe. "Kamar na gwangwanin nan."

"Aaah!" Fuskar Amani ta washe nan take. "Wanda bai fito ba."

"Shi."

 Wasu 'yan makaranta suka wuce a layi, sanye da riguna iri ɗaya, malamarsu na ƙirga kawunansu. Amani ta bi su da kallo, sa'an nan ta yi sauri ta mayar da idonta ƙasa.

Rifkatu ta ciro waya daga jaka, daga ƙarƙashin Littafin, ta miƙa mata.

"Kira babanki," ta ce da Larabci, don kada sai ta maimaita. "Ki ce ya karɓo takardar makarantar yau, kafin Alhamis."