Tsutsar da Don Gumercindo Ya Haɗiye

Shekara goma sha tara Herminda Cáceres ta yi tana tantance 'ya'yan itacen ceri a rumbun Don Gumercindo da ke bayan garin Curicó, ba ta taɓa ƙyamar aikinta ba sai wata Talata a watan Disamba.

Ana jiran jami'ar duba amfanin gona, don sai ta sa hannu za a loda kwalayen ceri a jirgin ruwa zuwa Sin. Herminda ta ɗauki ceri guda ta gatsa. Sai ta ji wani abu ya motsa a leɓenta. Ta tofar, ta duba ragowar: ga tsutsa nan mai baƙin kai tana murɗawa kusa da ƙwallon, cikin kashinta.

"Don Gume, zo ka gani!"

Ya iso yana share gumi. "Haba Herminda, ƙwaron da ke haifar tsutsar nan tuffa yake wa ƙwai. Ba ya taɓa ceri, kowa ya sani."

"To ka gaya mata mana, da alama ita ba ta ji labari ba."

Matan da ke aiki tare da ita suka kwashe da dariya. Ana haka motar jami'ar ta tsaya a ƙofa. Don Gumercindo ya fizge ɓarin cerin, da yawun Herminda a jiki, ya jefa baki ya haɗiye har ƙwallon.

"Me kika ce kin gani?" in ji shi.

Herminda ta ruga bayan rumbu ta amayar da burodi da shayin safe. Tana kurkure baki tana tuna yadda maƙogwaronsa ya hau ya sauka, sai wani aman ya taso.

A nan jami'ar, Yasna Poblete, ta same ta. "Mama, lafiya?"

Herminda ta goge baki. "'Yata, cerin da aka tsinko daga jikin gonar tuffa, shi za ki yanka."

Yasna ta yanka ceri ɗari uku, ta ciro tsutsa biyu ta sa a kwalba. Aka killace kayan duka, aka aika kwalbar wurin masu bincike su gano ko ƙwaron ya fara hayayyafa a ceri ne, ko ɓatan hanya ya yi. Kafin amsa ta zo jirgi ya tashi, cerin ya yi laushi yana tsami, ƙudaje suka cika rumbun.

Da kaka ta zagayo Don Gumercindo bai aika a kira ta ba. Herminda ta ɗauki almakashi ta tafi garin Molina yankan inabi a gonar surukinta.