Da Sauƙi, In Ji Baba

Ranar da ruwa ya janye, tsagar da ke bangon ɗakin Umma ba ta fi bakin wuƙa ba. Bayan kwana huɗu Dogo ya zura yatsunsa uku suka shige, har ya ji iskar bayan gida tana taɓa su. Ya zaro hannun ya goge a wando.

Ɗakin nan kaɗai ambaliya ta bar musu da rufi. Ta kwashe kicin, ta zubar da ɗakin Dogo, ta cika tsakar gida da laka mai wari. Umma da matar Dogo da jaririyarsu 'yar wata biyu suke kwana a ciki. Shi da Baba kuwa sun koma kan benci a tsohon shagon kafinta na Baba da ke ƙofar gida, wanda ko ƙyaure ba shi da shi. Kullum da safe Dogo sai ya leƙa bangon kafin ya wanke ido, kullum kuma sai ya tarar ya ƙara sunkuyowa, daidai kan inda ake shimfiɗar yarinyar.

Duk fatansa yana kan kwamitin agaji na masallacin unguwa. Mutanen kirki sun tara musu siminti da bulo da kwano da katako, magina kuma sun ce za su yi aikin don Allah. Bayan azahar aka ce an liƙa sunaye. Dogo ya bar tayar da yake faci a buɗe, ya tafi da gam a hannu.

Takardu uku ne a jikin bangon masallaci. Ta farko an rubuta mata “Mai tsanani”, su magina za su fara wa aiki gobe. Ta biyu “Matsakaici”, su za a ba siminti da kwano su gyara da kansu. Ta uku “Da sauƙi”, tabarma da bargo da bokiti. A ƙasa an ja layi: bayan la'asar za a rufe, a raba kaya.

Ya bi ta farko da yatsa har ƙasa. Ya sake dawowa sama. Ya bi ta biyu. A ta uku ya ga sunan Baba, tsaf, da kyakkyawan rubutu.

Sakataren kwamitin malamin firamare ne, siriri, mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare. Yana zaune a rumfa bayan tebur, mutane sun yi masa rumfa ta biyu da kawunansu. Sai da Dogo ya sha gwiwar hannu kafin ya isa gabansa.

“Malam, an yi kuskure. Gidanmu ba na bokiti ba ne.”

“Kowa ya zo nan haka yake cewa,” in ji Sakatare, bai ɗago ba. “Wane gida?”

“Na Baba Kafinta.”

Sakatare ya lashi yatsa ya buɗe fom-fom, ya zaro ɗaya. “Ga shi. Mai Kemis ne ya zagaya layinku. Alhaji, zo ka ji.”

Mai Kemis ya taso daga kan buhunan siminti yana kaɗe riga. Mutum ne mai tumbi da fara'a, ya rufe shagonsa tun ranar da abin ya faru yana bin gidaje da biro a kunne.

“Dogo mai faci! Kai ne ka manna mini tayar da ta sace kafin in kai kwana? Me ya faru?”

“Alhaji, ka shiga gidanmu kuwa?”

“Ina zan shiga, laka har gwiwa, ga iyali a ciki ba su kintsa ba? Tsohonka na samu a ƙofa. Na ce, Baba, yaya ɓarna? Ya ce da sauƙi, alhamdulillahi. Na sake tambaya, ya sake faɗa. Ga gurbi nan a takarda an rubuta da sauƙi. Me zan yi? Na caka.”

Wata tsohuwa da ke jiran bargo ta yi dariya ta hanci. “Shi Kafinta? Ranar da zarto ya cire masa yatsa ma da sauƙi ya ce.”

Dogo bai yi dariya ba. “To a gyara. Bangon zai faɗi. Akwai jaririya a ɗakin.”

Sakatare ya cire tabarau ya murza idanu. Sun yi ja kamar garwashi. “Ɗana, ba ƙin ka nake ba. Ranar farko wani ya zo ya rubuta gidan kawunsa da ya rushe tun bara. Wani ya rubuta garejin awaki. Sai kwamiti ya zauna gaban Liman aka yanke: abin da mai gida ya faɗa da bakinsa, shi kaɗai zai warware da bakinsa. Kayan nan amana ne. Kawo mini Baba kafin la'asar.”

Dogo ya fito daga rumfar ya ɗaga kai. Gabas ta fara haɗa rai.

Ya samu Baba a shago, ya ɗora tsofaffin ƙusoshi a kan dutse yana miƙar da su da guduma, ɗaya bayan ɗaya. Shekara biyar ke nan da ya bar aiki saboda ciwon baya, amma hannunsa bai san an bari ba.

Dogo ya durƙusa. “Baba, kwamiti na neman ka.”

“Lafiya?”

“Sun sa mu a layin da sauƙi. Sai ka je ka ce musu babu sauƙi.”

Gudumar ta tsaya a sama. Baba ya dube shi kamar ya yi ashar a masallaci.

“In ce me?”

“Gaskiya za ka faɗa, Baba.”

“Gaskiya?” Baba ya ajiye gudumar a hankali. “Mutum nawa muka kai makwanci a unguwar nan satin nan? Mai wanki 'ya'yansa biyu ruwa ya ci, har yau ɗaya ba a gan shi ba. Ni na tashi na ƙirga nawa, kowa yana numfashi, har 'yar jinjirar. Sannan in je gaban jama'a, a ƙofar ɗakin Allah, in buɗe baki in ce bai yi mini sauƙi ba? Kai ka je ka faɗa. Bakinka ne.”

“Nawa ba ya aiki a can. Na gwada.”

“To a ba waɗanda suka fi mu.”

Tunda aka haifi Dogo bai taɓa ɗaga wa tsohon nan murya ba, yau kuwa ya ji ta tana hawowa da kanta. Ya danne ta da ƙyar, ta fito a shaƙe. “Baba, 'yata ce a ƙarƙashin bangon nan.”

“Allah ne ke tsare ta.”

Umma ta leƙo daga cikin gida, hannunta duk laka, ashe tana ji. “Malam, Allah ne ke tsarewa, ba mu musa ba. Amma jiya ƙasa ce ta zubo mini a kunne ina barci. In ba za ka je ba, miƙo mini hularka in saka, in je in ce ni ce mai gidan. Dama ni nake kwana a ciki.”

“Ke dai ba kya rasa magana.”

“Magana kaɗai ruwa ya bar mini. Tashi.”

Baba ya dubi ƙusoshin. Sannan ya tattara su ya zuba a gwangwani, ya laluba takalminsa. Tafiyar da ba ta fi minti biyar ba ta zame musu doguwa, don Baba sai ya tsaya ya gaida duk wanda suka wuce, kowa ya ce yaya muka ji da wannan abu, shi kuma ya ce sai godiya. Iska ta fara tashi da ledoji. Ladan ya riga ya fito yana nannaɗe hannun riga zai yi alwala.

Aka buɗa wa Baba hanya, aka ba shi kujera. Sakatare ya gaishe shi da ladabi, ya ɗauko fom, ya cire murfin biro.

“To Baba, ga jama'a shaida. Yaya ɓarnar gidanka?”

Dogo ya ƙura wa bakin mahaifinsa ido. Ya ga leɓen ya motsa, ya tsaya. Baba ya dubi taron. Can gefe mai wanki yana zaune a kan bulo, ya haɗa kai da gwiwa. Baba ya sauke ido ƙasa.

“Da sauƙi,” ya ce. “Alhamdulillahi.”

Wani ya yi tsaki, wani ya ce Allah Sarki. Sakatare ya dubi Dogo, ya buɗe tafin hannu, ya fara mayar da murfin biron. Dogo ya ga bangon a idonsa, ya ga zanin da ake shimfiɗa wa yarinyar. Ko za a kwana ana tambayar tsohon nan, amsar ke nan. Mai gida ba zai taɓa faɗa ba.

Sai ya tuna yana yaro, yana riƙe wa Baba jakar kayan aiki, an kira shi ɗora rufi a wani sabon gini. Baba ya zagaya ginin sau ɗaya, ya ce wa mai shi a gaban kowa ba zai hau ba, ya juya ya tafi.

“Malam, dakata,” in ji Dogo. Ya durƙusa gaban kujerar. “Baba, aiki aka kawo maka. Akwai wani gida a layinmu, mai shi yana so a sake masa kwano. Bangon baya ya rabu da harsashi, tsagar tana cin yatsa uku, ya karkato ciki, katakon rufi ya fara zamewa daga kansa. Za ka hau?”

Baba ya ɗago. Ya gane, Dogo ya ga ya gane. Amma an taɓo inda ba ya iya shiru.

“Wane mahaukaci ne zai hau?” ya ce. “Bangon da ya bar harsashi ai ya gama. Ba a liƙe shi, sauke shi ake a sake ɗagowa. Ruwa ɗaya mai iska ya ishe shi.”

“Mai gidan ya ce mata za su ci gaba da kwana a ciki.”

Baba ya shafa gemu da hannun nan mai yatsa huɗu.

“A ce masa ya fitar da su,” ya ce a hankali. “Yau. Kada a kai magariba.”

Sakatare ya sake cire murfin biro. “Baba, gidan nan naka ne?”

“Kai ma ka sani.”

“Bakin mai gida ne, kun dai ji.” Sakatare ya soke da sauƙi, ya rubuta mai tsanani.

Mai Kemis ne ya ɓata lissafin. Tun ɗazu fara'arsa ta gudu, yana tsaye gaban takarda ta uku yana bin ta da ido.

“Malam,” ya ce, “shekara ashirin ina kemis. A kawo mini mutum ranga-ranga a kafaɗa, in ce yaya jiki, ya ce da sauƙi. Ban taɓa yarda ba, sai na taɓa goshi. Amma na ɗauki biro na bi gidajen mutane ina cakawa kamar baƙo. Duk waɗannan a ƙofa na tambaye su. Duka.”

Takardar ta fi sauran biyun tsawo. Sakatare ya dube ta, ya dubi tarin simintin, wanda ko makaho ya shafa ya san ba zai kai ba. Ya tashi ya shiga wurin Liman. Da ya fito sai ya ce ba za a rufe yau ba, ba kuma za a fara aiki gobe ba. Sai an sake zagaya gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, a shiga ciki, da magini da kafinta. Kwana biyu, ko uku.

Mutanen takarda ta farko suka ɗauki surutu. Wani ya nuna Dogo da baki ya ce ga wanda ya jawo. Kwana uku. Tsawa ta yi gunji daga nesa.

“A ba ni katako huɗu masu kauri in tokare shi,” in ji Baba, ya miƙe ba tare da ya dafa kujera ba. “Aro, ba kyauta ba. Matan kuma a buɗe musu ajin Islamiyya.”

Aka ba su. Ana sallame la'asar suka fito, Dogo da uku a kafaɗa, Baba yana jan ɗaya. Gari ya yi duhu kamar an kife ƙwarya, iska tana kaɗa kwanukan da suka ɓalle. Suna shiga layinsu Baba ya ja birki a ƙofar wata bazawara mai sayar da gawayi, ya karkata kai yana kallon katangarta tun daga tushe.

“Baba, namu fa?”

“Wannan ya fi namu lalacewa. Bar mini biyu a nan. Je ka fito da su, ina zuwa.”

Dogo ya zube katako biyu a ƙofar, ya ruga da ɗaya yana tsalle kan laka. Ɗigon farko ya faɗo masa a wuya. Tun daga bakin shago ya fara ƙwala kira, Umma ta fito da buta a hannu tana tambayar me aka ce, bai tsaya ba ta amsa ba. Ya faɗa ɗakin. Matarsa tana ninke kaya, yarinyar tana barci a gindin bango, ƙurar ƙasa ta sauka a kan zaninta. Ya sunkuya ya ɗauke ta da zanin gaba ɗaya, ta farka ta tsala ihu.

“Ɗauko mayafinki,” ya ce wa matarsa. “Bar sauran.”