Tayoyin Aro a Hanyar Mbour

Shekara da shekaru Saliou Ndiaye yana shiga tseren motoci a filin da ke hanyar Mbour, amma bai taɓa gamawa a gaban Birame Diop ba. Ya sha wuce samari masu zafin kai, Birame kam sai dai ya kalli bayan motarsa. Abin ya fi ciwo domin zuriyar Ndiaye da ta Diop abokan wasa ne tun kaka da kakanni, kuma Birame baki gare shi. Bana likita ya ce idon Saliou na hagu ya soma hazo, wannan tsere shi ne na ƙarshe. Matarsa Coumba kaɗai Saliou ya gaya wa.

Saboda haka ya ɗauki zancen taya da zafi. Mai laushi tana kama kwalta, amma ranar wurin nan cinye ta take yi kafin a je ko'ina. Mai tauri tana jure wahala, sai dai santsi gare ta a kwana. Ya zaɓi ta tsakiya, wani sabon samfuri da ba a saba da shi ba. Ya kai su fili tun ana saura mako, ya zaga da su a hankali har suka ɗauki ɗumi, ya cire su don robar ta huta ta kama jikinta. Ya ƙi barin su a gareji, wai akwai zafi. A falo ya jera su, ya lulluɓe da zanen gado.

"Alhaji, ko in kawo musu abinci ne?" in ji Coumba. "Ni da na haifa maka 'ya'ya ban taɓa samun wannan gata ba."

Ranar tsere da safe, ana gwaji, wani guntun ƙarfe ya tsarge tayar Birame ta baya. Ba a yi wa tayar tsere faci, kuma ba a haɗa ta da wadda ba irinta ba, biyu ake canzawa. Birame ba shi da wasu. Saliou yana zaune a rumfarsa da kofin shayi ya ji labari, kuma gaskiya sai da ransa ya yi fari. Daɗin bai daɗe ba. Ina amfanin wuce mutumin da ke zaune a kan benci?

Sai ga Birame, hular kwano a hammata, yana tafiya kamar shi ya gina wurin.

"Bawana! Acici, ka gama da shinkafar mutane? Tashi ka cire mini tayoyin baya. Abin bawa ai na ubangidansa ne."

"Ji matsiyaci," in ji Saliou. "Ku Diop ko likkafani aro kuke yi."

Motocinsu iri ɗaya ne. Saliou ya cire tayoyin da ya yi ta lallaɓawa, ya mayar da tsofaffinsa na bara. Da Birame zai gungura su, Saliou ya riƙo hannunsa.

"Tsaya ka ji. Waɗannan ba irin naka ba ne. Rage musu iska, in sun yi zafi za ta hau da kanta. Kuma kada ka matsa musu da farko, bi su a sannu."

Birame ya fashe da dariya har da riƙe ciki. "A sannu! Don ka wuce ni ko? Ndiaye, wayonka bai kai na kaza ba."

"Wallahi da gaske nake."

"Har da rantsuwa! Jama'a ku zo ku ji!"

Ba za a ga laifinsa ba. Tun suna samari ba wanda ya taɓa gaya wa wani magana ba da zolaya a ciki ba. Birame ya cika iska yadda ya saba, har ya ƙara kaɗan don haushi.

Aka saki motoci. Birame ya fita kamar an koro shi, ya ba da tazara. Saliou ya bi tsofaffin tayoyinsa da lallami, ya san inda suke yarda da inda suke gardama. Rana ta take, kwalta ta yi zafi. Can wajen ƙarshe ya lura bayan motar Birame ya fara rawa a kowace kwana, tazarar kuma tana raguwa. A kwanar da ke kusa da wata tsohuwar kuka, motar Birame ta zame waje, ta bar ƙofa a buɗe. Saliou ya kanne idon da ke masa hazo, ya shige.

Saliou ya zo na biyar, Birame na shida. Ba wanda ya tafa musu sosai, sai Coumba da ta yi ta guɗa ita kaɗai.

Birame ya tsuguna, ya shafa tayar da ta kumbura ta yi ƙyalli a tsakiya, ya ɗago kai.

"Ashe da gaske kake?"

"Na rantse maka fa."

"To, ka ci bulus. Baɗi zan nuna maka matsayinka, bawa."

Saliou ya cire safar hannu, ya naɗe ta a hankali. "Babu baɗi, Birame. Idona ya tafi. Yau na gama."

Birame ya buɗe baki zai yi dariya, ya dubi fuskar abokinsa, dariyar ta maƙale. Ya daɗe a tsugune, hannunsa a kan tayar mai zafi, bai ma ji ƙunar ba.

"To ni wa zan riƙa bari a baya?" ya ce.

Saliou ya ajiye safar hannun. Ya tsuguna kusa da shi, ya miƙa masa sifana, suka fara kwance tayoyin tare.